Marubutan Hausa masu buga wa kansu littafi

Kusan shekaru 40 ke nan tun da marubutan Hausa a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ba tare da jiran wani kamfanin ɗab'i ya karɓi rubutunsu ba.

A cikin wannan lokaci an buga littattafai masu ɗimbin yawa, wasu marubutan sun yi suna har a ƙetare, yayin da wasu da dama suka ɓace bayan littafi ɗaya ko biyu.

Tarihin sana'ar dai ya nuna cewa iya tsara labari kaɗai bai isa ya riƙe marubuci ba. Galibin waɗanda suka ɗore su ne waɗanda suka riƙe haƙƙin mallakar ayyukansu, suka san hanyar da littafi ke bi har ya isa hannun mai karatu, kuma ba su dogara da ƙofar samu guda ɗaya ba.

Wannan darasi ya shafi marubucin da ke cikin birnin Kano, haka kuma ya shafi mai tasowa da ke zaune a ƙauye kamar Kausani a ƙaramar hukumar Wudil.

Mafarin al'amarin

Rubutun ƙagaggun labarai na Hausar boko ya fara ne a hannun hukuma.

A shekarar 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Daga nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar NORLA a shekarun 1950, sannan Kamfanin Ɗab'i na Arewacin Najeriya, wato NNPC na Zariya, a 1966.

A wancan zamani aikin marubuci shi ne ya rubuta ya miƙa. Kamfani ne ke tacewa, ya buga, ya rarraba, kuma babbar kasuwarsa ita ce makarantu da ma'aikatun ilimi.

Ta wannan hanya ce littafin So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ya fito a 1980, bayan wata gasa da kamfanin NNPC ya shirya.

To sai dai ƙofar tana da ƙunci. Littattafan da ake karɓa ba su da yawa, kuma akan fifita wanda ake sa ran zai shiga manhajar makarantu.

Abin da ya sauya lamarin

Abubuwa biyu ne suka haɗu a shekarun 1980.

Na farko, shirin ba da ilimin firamare kyauta na UPE da aka ƙaddamar a 1976, tare da azuzuwan yaƙi da jahilci, sun samar da dubban matasa maza da mata masu iya karanta Hausar boko.

Na biyu kuma, tattalin arzikin Najeriya ya shiga mawuyacin hali. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986 ya karya darajar naira, farashin takarda ya tashi, kamfanonin ɗab'i suka janye jiki daga ƙagaggun labarai suka koma ga littattafan makaranta.

Ke nan ga masu karatu sun ƙaru, ga kuma littafi ya yi ƙaranci. Wannan giɓi ne matasan marubuta suka cike da kansu.

Daga cikin na sahun gaba akwai Talatu Wada Ahmed mai littafin Rabin Raina, da Balaraba Ramat Yakubu wadda ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990.

A farkon shekarun 1990 kuma littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya samu karɓuwar da ta nuna wa kowa cewa akwai kasuwa. Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda aka fi sani da Anti Bilki, ta biyo baya da Allura Cikin Ruwa da wasu littattafan.

Ya kamata a lura cewa wannan ya faru ne kimanin shekaru 20 kafin kamfanin Amazon na Amurka ya buɗe wa marubuta hanyar sayar da littattafansu kai tsaye ta intanet a 2007, abin da ya sa buga wa kai littafi ya zama ruwan dare a ƙasashen Turai da Amurka.

Daga alƙalami zuwa kasuwa

Marubucin da ke buga wa kansa littafi yana ɗauke ne da aikin mutane da yawa.

Da farko yakan rubuta labarin da hannu a littafin rubutu na 'yan makaranta, ya kai wa mai buga keken rubutu, ko mai kwamfuta a shekarun baya-bayan nan. Daga nan sai ya nemi mai zanen bango, ya sayi takarda, ya yi ciniki da maɗaba'a.

Domin rage tsada, yawanci ana amfani da takardar jarida mai araha, a ɗinke littafin da ƙusar waya a tsakiya.

Haka kuma an saba raba labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, wani lokaci har fiye. Hikimar hakan ita ce kuɗin da aka samu daga kashi na ɗaya su ne za su buga na biyu, kuma mai karatu zai iya saye da ɗan abin da ke hannunsa. Shi ya sa marubuta suka ƙware wajen tsayar da labari a daidai inda zuciyar mai karatu ta rataya.

Idan littafi ya fito sai a kai shi ga manyan dillalan littattafai, waɗanda cibiyarsu ita ce kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Daga can ne ƙananan 'yan kasuwa ke sara su kai Zariya da Kaduna da Katsina da Sakkwato da Gusau da Jos, har zuwa Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Masu talla a tashoshin mota da kasuwannin ƙauye su ne ƙarshen wannan sarƙa.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar da ta fi durƙusar da marubuta ita ce ta lissafi.

A misali, idan marubuci ya buga kwafi 1000, kuma kuɗin buga kowane kwafi ya kai rabin farashin da yake bai wa dillali, to sai an sayar da kwafi 500 an kuma biya shi kafin ya maido da uwar kuɗinsa. Ribarsa tana cikin ragowar 500 ɗin ne, waɗanda su ne suka fi jinkirin fita.

Ga shi kuma bisa al'adar kasuwar, dillali kan karɓi kaya ne bashi, sai ya sayar sannan ya biya, sau da yawa kaɗan-kaɗan. Marubucin da kuɗinsa suka maƙale a kasuwa ba shi da abin buga kashi na gaba, masu karatu kuma ba sa jira har abada.

Wannan ne ya sa a hankali wasu dillalan suka rikiɗe suka zama masu ɗab'i. Sukan sayi rubutun daga hannun marubuci a biya shi sau ɗaya, ko kuma a ba shi wani adadi na kwafi a madadin ladansa.

Tsarin ya sauƙaƙa wa marubuta da dama, musamman matan aure da ba su da halin zirga-zirga tsakanin maɗaba'a da kasuwa. Amma kuma idan littafin ya karɓu aka sake buga shi sau biyar ko sau goma, wanda ya saya ne ke kwasar amfanin, tun da galibi babu wata yarjejeniya a rubuce.

Sai kuma shagunan haya, inda mai karatu ke biyan ɗan kuɗi ya ari littafi na kwana ɗaya ko biyu. Kwafi guda kan ratsa hannun mutane masu yawa. Hakan na yaɗa sunan marubuci a unguwanni, amma ko sisi ba ya shiga aljihunsa.

Tsadar takarda ma ba ta taɓa sassautawa ba. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun durƙushe a shekarun 1990, lamarin da ya bar maɗaba'u suna dogaro da takardar da ake shigowa da ita daga waje. Saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, kamar yadda ta yi bayan sauya tsarin canjin kuɗi a watan Yunin 2023, kuɗin bugu kan tashi nan take.

Amfanin ƙungiya

Tun da wuri marubutan suka gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙungiyar da ta fi shahara ita ce Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Balaraba Ramat Yakubu ke cikin jiga-jiganta. Akwai kuma irin su Kukan Kurciya da Jigon Hausa da Ruwan Dare.

Ƙungiyoyin sun yi wa 'ya'yansu wani ɓangare na aikin da kamfanin ɗab'i ke yi. Sukan duba wa juna rubutu, su nuna wa sabon shiga maɗaba'ar da za ta yi masa sauƙi, su sa tambarin ƙungiya a bangon littafi.

A shafukan ƙarshe kuma akan jera sunayen littattafan sauran 'yan ƙungiya, ta yadda kowane littafi ya zama talla ga 'yan'uwansa.

Marubuta da yawa sun riƙa sa adireshinsu a cikin littafi, masu karatu su aiko da wasiƙu, a buga wasu daga ciki a kashi na gaba. Ta haka marubuci ke sanin abin da jama'arsa ke so, su kuma suna jin cewa da su ake tafiya.

Suka da tacewa

Sana'ar ba ta rasa masu suka ba.

Farfesa Ibrahim Malumfashi ne ya yayata laƙabin Adabin Kasuwar Kano a shekarun 1990, yana mai kwatanta littattafan da 'yan ƙananan littattafan da aka yi yayi a kasuwar Onica, tare da sukar ingancinsu.

Farfesa Abdalla Uba Adamu da Farfesa Yusuf Adamu da ɗan jarida Ibrahim Sheme na cikin waɗanda suka kare su a muhawarar da aka daɗe ana tafkawa a jaridu, suna ganin cewa littattafan sun raya ɗabi'ar karatu, kuma sun taɓo batutuwan da suka dami jama'a, kamar auren dole da zaman kishi da ilimin 'ya'ya mata.

Iyaye da malamai da dama kuma sun nuna damuwa cewa wasu littattafan na ɓata tarbiyya.

A shekarar 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai, wadda daga baya ta faɗaɗa aikinta zuwa ga littattafai. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙona wasu littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

A 2008 kuma taƙaddama ta ɓarke lokacin da hukumar, a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi kowane marubuci ya yi rajista da ita. Ta hannun ƙungiyoyinsu, ciki har da reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, marubutan suka tunkari lamarin.

Abin da wannan ya koyar shi ne cewa marubucin da ke rubuta wa al'ummar da yake zaune a cikinta yana cin abinci ne da amincewarta. Littafin da uwa za ta bari 'yarta ta karanta ya fi daɗewa a kasuwa.

Fim, rediyo da fassara

Fitowar fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 ta buɗe wata sabuwar ƙofa.

Marubuta na cikin waɗanda suka fara shiga harkar. An mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, haka ma Tsuntsu Mai Wayo na Bala Anas Babinlata, da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, da Alhaki Kwikwiyo Ne.

Daga baya marubuta irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman sun yi fice wajen rubuta labaran finafinai da wasannin talabijin, musamman bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014.

Gidajen rediyo a Kano da Kaduna da wasu garuruwa sun daɗe suna karanta littattafan a shirye-shiryensu, abin da ke kai labari ga waɗanda ba su iya karatun boko ba, ya kuma ja masu saye zuwa kasuwa.

A 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassarar Turanci ta Alhaki Kwikwiyo Ne, wadda Farfesa Aliyu Kamal ya yi, shekaru 22 bayan fitowar littafin da Hausa.

Shi kuwa Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da sunansa kamfanin ɗab'i da ke buga ayyukan wasu, kuma gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON a 2014.

Duk waɗannan misalai na nuna cewa labari guda na iya ciyar da mai shi sau da yawa, a takarda da fim da murya da fassara, matuƙar dai bai sayar da shi ɗungurungum tun ranar farko ba.

Zamanin wayar salula

Shigowar wayar salula Najeriya a 2001, da yaɗuwar manyan wayoyi bayan 2010, sun sauya kasuwar baki ɗaya.

Cinikin littattafan takarda ya ja baya matuƙa, masu karatu suka koma Facebook da WhatsApp da Wattpad, inda sabbin marubuta, akasarinsu mata, ke sakin labari shafi-shafi.

Tsarin da ya kafu ya yi kama da tsohuwar dabarar kashi na ɗaya da na biyu. Marubuciya kan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kama mai karatu sai ya tura 'yan ɗaruruwan naira ta banki ko ta katin waya, a sa shi cikin zauren waɗanda suka biya.

An huta da kuɗin takarda da bin bashin dillali. Sai dai satar fasaha ta fi sauƙi fiye da kowane lokaci, domin mutum ɗaya da ya biya na iya tura littafin ga ɗaruruwan da ba su biya ba. Akwai kuma masu karanta littattafan mutane su ɗora a YouTube suna samun kuɗin talla, wasu da izini, wasu babu.

Dogaro da dandali guda ma na da haɗarinsa. Manhajar OkadaBooks, wadda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, kuma marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu a kanta, ta rufe a ƙarshen watan Nuwamban 2023. Duk marubucin da ba shi da wata hanyar saduwa da masu karatunsa sai ta nan, tilas ya koma ya faro daga tushe.

A ɗaya ɓangaren kuma gasanni sun dawo da martabarsu. Gasar Hikayata ta sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata, ta fito da sunayen marubuta da dama da a da ba a san su ba.

Abin da doka ta tanada

Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar, kuma ta shafi ayyukan da ake yaɗawa ta intanet.

A ƙarƙashinta marubuci na da haƙƙin aikinsa tun daga lokacin da ya rubuta shi, kuma haƙƙin na ci gaba har shekaru 70 bayan rasuwarsa, wato dukiya ce da magada za su gada.

Dokar ta kuma buƙaci mallaka wa wani haƙƙin ya kasance a rubuce. Saboda haka yana da muhimmanci takardar yarjejeniya ta fayyace ko bugu ɗaya aka sayar ko dukkan littafin, ko kwafi nawa za a buga, da kuma wanda ke da ikon mayar da shi fim ko karanta shi a rediyo.

Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke karɓar ƙorafin satar fasaha. Shi kuma Ɗakin Karatu na Ƙasa shi ke ba da lambar shaidar littafi ta ISBN, kuma doka ta wajabta wa mai ɗab'i mai zaman kansa ya ajiye kwafi 3 na duk littafin da ya buga a can.

Yawancin littattafan shekarun 1980 da 1990 ba su bi wannan hanya ba, wasunsu ma ko shekarar bugu babu a jikinsu, abin da ya sa a yau samun kwafinsu ke da wuya har ga waɗanda suka rubuta su.

Marubuci a Kausani

Kausani na ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Wudil, garin da ke da nisan kimanin kilomita 40 daga Kano a kan hanyar Maiduguri.

A zamanin takarda, marubucin da ke zaune a irin wannan wuri sai ya yi ta safa da marwa zuwa birni, domin can mai buga rubutu yake, can maɗaba'a take, can kuma dillalin da ke riƙe da kuɗinsa yake. Kuɗin mota kaɗai kan cinye wani kaso na ribar.

Waya ta rage wannan nisa. Daga ɗakinsa zai iya rubutawa, ya tallata, ya karɓi kuɗi daga mai karatu da ke Legas ko Yamai ko Jidda. Abin da zai yi fama da shi shi ne wutar caji, da kuɗin data, da ƙarancin wanda zai duba masa ƙa'idojin rubutu kafin ya saki.

Yankin kuma na da nasa masu karatun. Wudil na da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda, ga kuma kasuwar da ke ci ranar Juma'a, wadda cinikin shanunta ke jawo fatake daga sassa daban-daban.

Haka nan rayuwar manoma da makiyaya da masunta na bakin kogin Wudil abu ne da littattafan da aka gina kan gidajen attajiran birni ba su cika taɓawa ba, kuma marubucin da ya tashi a cikinta ya fi kowa sanin ta.

Abin da tarihin ya nuna

Marubutan Hausa ƙalilan ne suka taɓa rayuwa da cinikin littafi kaɗai. Mafi yawan waɗanda suka shekara 20 ko 30 suna rubutu sun haɗa shi da koyarwa, ko aikin jarida, ko kasuwanci, ko harkar fim, kuma wannan ne ya ba su damar ƙin sayar da rubutunsu da araha a lokacin matsi.

Sun kuma riƙa fitar da aiki a kai a kai, domin tsohon littafi kan sake motsi a kasuwa duk lokacin da sabo ya fito.

Sun ware kuɗin bugu daga kuɗin cefane, sun ajiye ainihin kwafin rubutunsu, sun kuma shiga ƙungiyar da za ta tsaya musu idan rigima ta taso da dillali ko hukuma.

Hanyar isar da labari dai ta sauya daga keken rubutu zuwa kwamfuta, daga rumfar Sabon Gari zuwa zauren WhatsApp, kuma babu tabbacin cewa ta yau za ta kai shekaru 10 masu zuwa.

Tambayoyin da ke gaban mai shiga sana'ar kuwa har yanzu su ne waɗanda marubutan 1987 suka fuskanta, wato wa ya mallaki labarin, wa ke riƙe da kuɗin, kuma ta wace hanya zai sake samun mai karatunsa idan kasuwar da ya saba ta tashi.